Shin Hujin Leza Yana Kawo Hakiya A Ido?

Yau maganar ido za mu yi, kuma ba maganar kwalli ba ce, ko da yake shi ma zai shigo can gaba. Magana ce ta wani aiki da likitocin ido ke yi wa mutumin da idonsa bai fara ciwo ba tukuna, watau su huda wata 'yar ƙofa cikin baƙin ido da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza, domin su tsare shi daga wani ciwo wanda mai yiwuwa ne ya zo, mai yiwuwa ne kuma har mutum ya koma ga Allah bai zo ba. Mata aka fi yi wa wannan aiki, gama mu ciwon ya fi kamawa. A wajenmu kuwa, Kebbe da Tambuwal da ƙauyukansu, in likita ya ambaci aiki a ido mai gani, kafin mace ta iso gida an riga an yanke mata shawara cikin mota: kada ta yarda, wuta ce, yau ba za ta ga kome ba, amma bayan shekara biyar ko goma hakiya za ta rufe idon. Wannan tsoro ba abin dariya ba ne. Likitoci da kansu sun yi shi, har suka shafe shekaru suna aunawa, kuma abin da suka samu shi zan kawo muku.

Amma sai mun san ginin ido kafin maganar ta shiga kai. Ki dubi idon 'yarki daga gefe. A gaban baƙin idon za ki ga wata fata garai-garai mai ɗan tudu, kamar gilashin da ke rufe fuskar agogo. Likitoci suna ce mata koniya, ni kuwa gilashin ido zan riƙa cewa, kada dai a zaci tabarau nake nufi. Kaurinsa wajen rabin milimita ne kawai, kuma a kansa hakiya ke fitowa. Bayan gilashin sai baƙin ido, wanda yake kamar labule mai taga ɗaya a tsakiya. Tagar tana tsukewa in haske ya yi yawa, ta buɗe in duhu ya yi. Bayan labulen kuma akwai wani ɗan madubi, shi ne wanda yana ke kamawa in an tsufa.

Tsakanin gilashi da madubin nan cike yake da ruwa, ba hawaye ba, wani ruwa ne dabam wanda ido ke yi dare da rana. A bayan labule ake yinsa, ya biyo ta taga ya fito gaba, sa'an nan ya tsiyaye ta wata rariya da ta kewaye lungun da labule ya haɗu da gilashi. Duk matar da ta taɓa kwana tana kwarfar ruwa a tsakar gida da damina don rariya ta toshe, ta riga ta gane sauran bayanin. Wasu mutane Allah ya halicce su da lungun nan a tsuke. Idonsu gajere ne daga gaba zuwa baya, kayan ciki a cunkushe. Shi kuwa madubin ciki ba ya daina kauri muddin rai, saboda haka in shekaru sun haura 40 zuwa 50 sai ya riƙa turo labule gaba, yana kuma danne bakin taga. Ruwa ya taru a baya, labule ya kumburo gaba kamar yadda iska ke kumbura labulen ƙofar ɗaki, ya je ya manne a kan rariya. Ruwa na ƙaruwa, mafita babu.

A ma'aunin likitoci, ƙarfin ruwan ido mai lafiya yana tsakanin 10 da 21. In rariya ta rufe gaba ɗaya farat ɗaya, cikin sa'o'i kaɗan yakan haura 50. Ido ya yi ja, ya yi tauri kamar dutse, ya kama zogi har cikin rabin kai, gani ya dushe, mace ta dubi fitila ta ga zobe mai launin bakan gizo ya kewaye ta, sau da yawa har da amai. Jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa ba ta jure wannan matsi. In aka kwana biyu a haka, abin da ya mutu daga cikinta ya mutu ke nan, babu likitan da zai tashe shi a duniya. Wannan iri ɗaya ne daga cikin ciwon da muke kira hawan jinin ido, Turawa kuwa gilakoma. Sunan namu bai zauna daidai ba, gama ba jini ne ya hau ba, ruwa ne, kuma wadda jininta ke lafiya lau ma tana kamuwa.

Me ya sa mata? Domin galibi gaban idon mace bai kai na namiji zurfi ba, ga shi kuma mun fi su daɗewa a duniya. Ciwon yana bin dangi. Yana kuma son waɗanda tun da ƙuruciya suke fama da ganin kusa, masu buƙatar tabarau mai kauri irin wanda ke ƙara wa ido girma.

A ƙasarmu an yi babban ƙidayar makanta daga 2005 zuwa 2007, aka duba mutum fiye da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama a duk sassan Nijeriya. Yana ce ta zo ta ɗaya cikin masu makantarwa, hawan jinin ido ya bi mata. A 2015 Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da lissafin wannan ciwo daga ƙidayar: mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da shi, ɗaya cikin biyar ɗinsu ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da shi kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. In aka ware waɗanda wani rauni ko wani ciwo ya jawo musu, kashi 86 cikin 100 rariyarsu a buɗe take, tsiyayarwa ce ba ta yi da kyau, kashi 14 kuwa su ne masu rufaffen lungu, waɗanda muke magana a kansu yau. Akwai kuma abin da ya kamata ku riƙe: a baƙar fata, rufewar lungu ta fi zuwa a hankali, labule yana mannewa kaɗan-kaɗan ba zogi ba ja, har gani ya ƙare daga gefe. Wadda ta ce sai ta ji ciwo za ta je asibiti, mai yiwuwa ne ciwon bai aiko mata da manzo ba.

Maganin kuwa tsoho ne. Tun a 1857 wani likita Bajamushe a Balin, Albrecht von Graefe, ya bayyana cewa in aka yanke ɗan yanki daga baƙin ido, wannan mugun ciwo yakan kwanta. Hikimar ita ce a buɗe wa ruwa ƙofa ta biyu a gefen labule, ya riƙa wucewa gaba ba sai ta taga ba. Da zarar ruwan baya ya sami hanya, labule ya saki, ya koma ya bar bakin rariya. Shekara fiye da ɗari da wuƙa ake yin wannan aiki. A 1960 aka ƙirƙiro leza a Amurka, bayan 1970 likitoci suka fara huda labulen da ita ba tare da an tsaga ido ba. Ramin bai kai kan allura girma ba, kuma a can gefe ake yinsa.

To, ga inda tsoro ya shigo. Kafin hasken ya kai ga labule dole ya ratsa gilashi, kuma gefen labule, inda ake hudawa, dab yake da bayan gilashin, balle a idon da lungunsa ya riga ya tsuke. A bayan gilashin kuwa akwai shimfiɗa ɗaya tak ta wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, jere kamar saƙar zuma, kowace da kusurwa shida. Aikinsu ɗaya ne: kwarfe ruwa. Gilashi yana zaune cikin ruwa, kullum ruwan na neman shiga cikinsa, su kuwa suna fitar da shi, kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale. Muddin suna aiki gilashi garau yake. In suka gaza, ya sha ruwa ya kumbura, ya yi fari kamar an hura masa numfashi, har ƙuraje na ruwa su fito a kansa su riƙa fashewa da zafi. Abin da ya sa likitoci ke lallaɓa ƙwayoyin nan kamar ƙwai shi ne ba sa haihuwa. Fatar hannu in ta yanke takan toho, su kuwa da waɗanda aka haife ki da su za ki ƙare. In ɗaya ta mutu sai maƙwabtanta su miƙe su rufe gurbinta, kamar gidan da ma'aikata suka ragu amma gona ba ta ragu ba. Baligi yana da wajen 2,500 zuwa 3,000 a kowane milimita murabba'i, wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Tsufa kaɗai yana cin kamar rabin kashi ɗaya cikin 100 kowace shekara. Gilashi ba ya gazawa sai sun sauko wajen 500.

A ƙasar Japan ne abin ya faru sosai. Can an daɗe ana amfani da irin lezar farko, wadda ake kira agon. Ita ƙonawa take yi a hankali, kuma labule mai duhu yana da kauri, sai an harba sau da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, kafin ya huje. Mutane suka tafi gida lafiya, bayan shekara shida, bakwai, wasu fiye, suka komo da gilashi ya yi fari. Da aka bi lissafin waɗanda aka yi wa dashen gilashi a Japan saboda wannan kumburi tsakanin 1999 da 2001, ido 963, sai aka ga kusan ɗaya cikin huɗu hujin leza ne sanadinsa. Kun ga ashe matan cikin mota ba su faɗi abin da bai taɓa faruwa ba. Mu kuwa abin ya fi mana nauyi fiye da mutanen Japan, domin maganin gilashin da ya mutu dashe ne, dashe kuwa sai an sami gilashin wani mamaci da ya bayar, abin da yake da wuyar samu ƙwarai a ƙasarmu.

Amma bayan 1980 wata leza ta fito, ana ce mata YAG. Ita ba ƙonawa take yi ba, fasawa take, harbi kaɗan rami ya buɗe. Ita ce aka fi amfani da ita yanzu, ko da yake a labule mai kauri wasu likitoci sukan fara rage kaurin da leza mai ƙonawa kaɗan, sa'an nan su ƙarasa da YAG. Tambayar da ta rage ita ce, ita ma wannan tana cin ƙwayoyin gilashi a ɓoye?

A birnin Gwanju na ƙasar Sin aka nemi amsa, a babban asibitin ido na Zhongshan, ƙarƙashin Farfesa Mingguang He tare da likitoci daga Ingila da Amurka. Daga 2008 suka duba mutum kusan 12,000 masu shekara 50 zuwa 70, suka zaɓi 889 waɗanda idanunsu duka biyu ke da tsukakken lungu amma ba ciwo tukuna. Fiye da kashi 80 cikin 100 mata ne. Dabarar da suka yi ta burge ni, mu da aka koya wa yadda ake gwada abu da abu a aji: kowane mutum aka huda masa ido ɗaya, aka bar ɗayan, kuma ƙuri'a ce ke zaɓen wanda za a huda. Watau idon da aka yi wa aiki da wanda ba a yi wa ba shekarunsu ɗaya, abincinsu ɗaya, gadonsu ɗaya. In bambanci ya fito, ba a da wanda za a tuhuma sai leza. Sa'an nan suka riƙa kiransu suna ɗaukar hoton bayan gilashi suna ƙirga ƙwayoyin, har shekara shida.

Ga abin da ya fito, an buga shi a 2021. Idanun duka biyu sun yi asarar ƙwayoyi, gama duka biyu sun tsufa. Har shekara huɗu da rabi ba a ga bambancin da za a kama ba. A cikar shekara shida, idon da aka huda ya rasa kashi 4.9 cikin 100, wanda ba a taɓa ba ya rasa 4.2. Mu yi lissafin a allo. Mace mai ƙwayoyi 2,500, idon da ba a taɓa ba ya rasa 105, wanda aka huda ya rasa wajen 122. Bambancin bai kai 20 ba. Dukansu biyu sun tsaya kusa da 2,400, alhali kuwa sai an gangaro 500 gilashi ke gazawa. Saboda haka likitocin suka ce lezar ba ta yi wa gilashi ɓarnar da za ta taɓa gani ba, mafi yawan raguwar aikin tsufa ne.

Ni a ganina wannan amsa ta isa ta kwantar da hankali, amma kada a ƙara mata gishiri. Bambancin ƙarami ne, amma akwai shi, kuma a ƙarshen shekarun ya bayyana, ba a farko ba. Mutanen da aka gwada Sinawa ne, ko da yake baƙin idonsu mai duhu ne mai kauri kamar namu, abin da ya sa labarinsu ya fi kusa da mu fiye da na Turawa masu shuɗin ido. Kuma idanunsu lafiyayyu ne tun farko. Idon da ya taɓa shan rauni, ko aka taɓa yi masa aiki, ko gilashinsa ke da rauni na gado, ko na mai ciwon sukari da ya daɗe, shi kuɗin ajiyarsa ya riga ya ragu, dole likita ya dube shi da kyau kafin ya harba kome.

Akwai kuma wani gefen da masu tsoro ba sa sawa a ma'auni. Shi kansa ciwon, in ya faɗo farat ɗaya, yana kashe ƙwayoyin gilashi fiye da leza nesa ba kusa ba, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon ɓarnarsa. Zoben bakan gizon da mai ciwon ke gani kewaye da fitila ba wani abu ba ne illa gilashi ya sha ruwa, masu kwarfa sun kasa. Ko aikin yana ma, wanda kowa ya yarda da shi, yakan ci ƙwayoyin nan fiye da huji.

To, tun da hujin ba shi da ɓarna mai yawa, a huda wa duk mai tsukakken lungu ke nan? A'a, kuma wannan gwaji na Gwanju ne dai ya ce a'a. A sakamakon da suka buga a 2019, cikin shekara shida ido 36 ne daga waɗanda ba a huda ba suka ci gaba zuwa mataki na gaba, a waɗanda aka huda kuwa 19. Mafi yawansu labule ne ya fara mannewa, gani bai taɓu ba. Mugun ciwon nan na farat ɗaya ya faɗa wa ido 5 cikin waɗanda aka bari, ido 1 cikin waɗanda aka huda. Watau leza ta rage haɗarin kusan rabi, amma haɗarin dama can ƙarami ne: sai an huda wa mutum 44 kafin a tsare mutum ɗaya cikin shekara shida. Da suka ci gaba da bibiya har shekara 14, a rahoton 2023, lissafin ya zama 105 da 33. Tazarar ta ƙaru, amma har wa yau mafi yawan idanun da aka bari ba abin da ya same su. Saboda haka likitocin ba su ba da shawarar a bi kowa da huji ba.

Waɗanda ba a jayayya a kansu su ne waɗanda ciwon ya riga ya faɗa wa ido ɗaya. Su lalle a huda ɗayan, gama in an bar shi, kusan rabinsu shi ma yakan kamu cikin 'yan shekaru. Haka nan wadda labulenta ya fara mannewa ko ƙarfin ruwa ya fara hawa, ita ba rigakafi ake mata ba, magani ne. Sauran kuwa aunawa ake yi. A 2022 ƙungiyar likitocin ido ta Ingila ta lissafa waɗanda ya kamata a yi wa tayin huji ko da lungu ne kawai ya tsuke: mai ido ɗaya, da wanda ciwon ke cikin danginsa, da mai ciwon sukari da ake yawan ɗiga wa maganin buɗe taga don duba bayan ido, da mai shan magungunan da ke buɗe taga, da wanda ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, da kuma wanda ke zaune nesa da asibitin ido.

Wannan na ƙarshe, su a Ingila 'yan kaɗan suke nufi, irin sojoji da masu aiki a wurare masu nisa. Mu kuwa gari guda ne. Matar Gwanju in ciwo ya faɗo mata da dare, babban asibitin ido yana cikin garinsu. Matar Kuchi ko Girkau ko Ungushi fa? Sai gari ya waye, gama a 'yan shekarun nan ba kowane dare ake bin hanya ba. Sai maigida ya dawo ya ba da izini, sai an nemo kuɗin mota, a fito Tambuwal a kama titin Sakkwato. Kafin nan sau da yawa an riga an sha maganin zazzaɓi kwana biyu, domin ciwon kai da amai sun ɓatar da kowa, ba wanda ya tuhumi ido. Saboda haka lissafin nan na 44 ba zai auna mana daidai da yadda ya auna musu ba. Yawan masu kamuwa ba nisa ke ƙara shi ba, amma abin da mai kamuwa ke rasawa nisa ne ke yanke shi. In likita ya ce lungunki a tsuke yake, ki gaya masa sunan ƙauyenku da sa'o'in da kika yi a hanya, wannan yana cikin abin da zai auna.

Wata gwaggona, wadda yayarta ta rasa ido ɗaya ta wannan hanya, an ce mata lungunta a tsuke yake. Ta ce da likitan, "Yaro, idon da nake zura zare a allura da shi za ka sa wa wuta?" Ya ce, "Inna, ba na tilasta miki, amma yayarki da nisan garinku su suka sa na ce a yi." Da ta dawo ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ku da kuka yi boko, in an huda ba ruwan idon zai zube ba?" Na ce, "Gwaggo, ramin a ciki yake, tsakanin ɗaki da ɗaki, ba a bangon waje ba." Ta yi shiru, ta ce sai an gama kaka an sayar da wake. Da aka gama kuwa ta je.

Ba a gane tsukakken lungu da kallon ido kawai, ba kuma a gane shi wajen mai sayar da tabarau a kasuwa. Likita yakan ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗora wani ɗan gilashi mai madubi a kan ido, ya leƙa lungun cikin ɗaki mai duhu. Duk matar da ta haura 40 ya kamata a auna mata ƙarfin ruwan ido a leƙa mata lungu, balle in uwarta ko 'yar'uwarta ta makance ba da yana ba. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943. Na'urar leza ba kowane asibiti ke da ita ba, saboda haka a tambaya tun kafin a biya kuɗin mota.

In kuwa mace ta riga ta fara yana, maganar takan sake. Cire madubin da ya yi kauri a sa na roba siriri yana buɗe lungu da kansa, aiki ɗaya ya biya buƙata biyu. Wani gwaji da aka buga a 2016 ma ya nuna ga waɗanda ruwansu ya riga ya hau sosai, cire madubin ya fi huji amfani. Amma aikin asibiti nake nufi, ba na masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yana da tsinke ba. A ƙidayar nan ta 2005 zuwa 2007, fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana su suka taɓa su, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu makafi aka same su. Madubin da aka tura ciki shi da kansa yana iya tayar da hawan ruwan ido.

Wadda aka gaya wa lungunta a tsuke yake, aka ce a jira tukuna, sai ta san abokan gabanta. Duk abin da ke buɗe taga yana tara labule a lungu. Duhu na farko, shi ya sa ciwon ya fi faɗowa da almuru. Ɗinkin hula ko tsintar shinkafa da kai a sunkuye cikin ɗaki mai duhu-duhu ba nata ba ne, ta fito haske. Wasu magungunan mura da na murɗawar ciki, irin Buscopan, da wasu na damuwa, suna buɗe taga, haka nan zaƙami da duk haɗin gargajiya da aka sa shi ciki. Kada ta sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, gama wasu daga cikin masu kwantar da jan ido nan da nan suna hawar da ruwan ido in an daɗe ana ɗigawa. In ta ga zoben nan kewaye da fitila da dare, da ɗan zogi, ta yi barci ta tashi ya wuce, to rariya ce ta rufe ta buɗe, gargaɗi ne, ta koma asibiti cikin makon. In kuwa babban ya zo, ba kwalli, ba tofi a jira, ba ruwan albasa ko nonon mai jego. A nufi asibiti mafi kusa, a ce musu ido ne ya fara kafin kai, domin akwai ƙwayoyi da allura masu saukar da ruwan kafin a kai ga likitan ido.

Shi aikin kansa ba a kwana. A zaune ake yinsa, haɓa a kan wata 'yar marfa, ido a buɗe. Za a ɗiga maganin tsuke taga, wanda yakan sa ciwon goshi na ɗan lokaci, da na kashe zafi. Za ki ji ƙara kamar ana ƙyasta ashana, da ɗan tsunguli, minti kaɗan an gama. Wani lokaci ɗan jini yakan fito cikin ido ya tsaya da kansa. Kada ki yi gaggawar kama mota, gama ana sake auna ƙarfin ruwa bayan kamar sa'a guda, don yakan ɗan hau a wasu. Ranar gani zai yi hazo. Za a ba ki maganin ɗigawa na 'yan kwanaki, ki ɗiga iyakar kwanakin da aka ce, ki daina. Wasu kaɗan sukan riƙa ganin wani siririn layin haske, yawanci yakan daina damunsu da tafiyar watanni. Ki koma ranar da aka sa miki, domin a wasu idanun lungu ba ya buɗewa sosai ko da an huda, kuma ramin ba ya hana ɗaya irin hawan jinin idon, mai buɗaɗɗiyar rariya, wanda ya fi yawa a cikinmu. Katin asibiti kuwa ki adana shi cikin kwalla tare da takardun haihuwar yara, duk likitan da zai taɓa idon nan gaba ki nuna masa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar gira da amosanin ido a wajen yara. Haza wasalam.